Kwalbati Uku Kafin Damina

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Tudun Wada, kudancin Kano. Hanyar burji, kilomita 9, mashigar ruwa uku. Kowace da irin bututunta, kowace da yadda za a binne ta.

Kilomita 2: tsohon tudun hanya, a ƙarƙashinsa bututun ƙarfe, wanda ma'aikata ke kira Armco. Za a cire, a jera zoben kankare mai faɗin milimita 900.

Kilomita 5: wuyan fadama. Babu tudu tukuna, mu za mu tayar. Ƙasa mita 4 za ta hau kan bututun.

Kilomita 7: baƙar roba mai zobe-zobe, ita ma 900. Mutum shida sun sauke guda daga mota ba tare da sarƙa ba.

Zafi. Gabas fari fat. Mai unguwa ya ce mutane sun gama sharar gona, ruwa kawai ake jira. Mu kuma roƙonmu ya ɗan ƙara mana kwana.

Talata, 13 ga Mayu

Na shiga tsohon bututun da tocila, a tsugune. Sama lafiya lau, har yanzu da sauran ƙyalli. Ƙasa kuwa tsatsa ta cinye. Yashi da tsakuwar da ruwa ke ja sun goge farin rufin ƙarfen, sai tsatsa ta samu ƙofa. Yanzu ruwa ta ƙarƙashi yake bi, yana kwashe ƙasar gefe kaɗan-kaɗan. Ramin da ke tsakiyar hanya a sama, daga nan ya samo asali.

Kaurin ƙarfen bai kai na ɗan yatsa ba, amma ya riƙe ƙasa mita 3 shekara da shekaru. Ba shi kaɗai ya riƙe ba. Ƙasar da ta tokare shi dama da hagu ce ta hana shi bajewa. Inda ruwa ya kwashe ta, nan doron ya lotsa. Inda take nan, da'irarsa cif.

Alhamis, 15 ga Mayu

Katafilar haƙa ta iso. Fegi a mita 1.6. Da azahar rabin ramin ya haƙu, faɗinsa mita 2.5 har ƙasa.

Direban da fara'arsa: "Injiniya, ai na buɗa muku ne ku sake, kada ƙasa ta matse yara." Da zuciya ɗaya ya yi. Na ce ya kashe inji.

Dare, lissafi. Ƙasar ciko ba ta zauna ba, za ta riƙa sauka. Bangon rami kuwa ya shekara a zaune, ba ya motsi. Ciko na sauka, bango na cije shi ta gefe biyu, yana rage masa nauyi. Abin da ya rage shi ne ke hawa kan bututu, kuma zoben kankare ba ya ba da kai, ya fi cikon gefensa tauri, don haka kusan duk nauyin faɗin ramin a kansa yake tarewa. Rami ya ƙara faɗi, ƙasa ta ƙaru, bango ya yi nisa, taimakonsa ya ragu.

Anson Marston ne ya fara sa wannan a lissafi, a Ames ta jihar Iowa, Amurka, 1913. Bututun yumɓu da na siminti ke ta fashewa a ramukan janye ruwa daga gonaki, ya zauna auna dalili. Nauyi na tafiya da faɗin rami sau kansa.

Namu: ƙasa kimanin tan 1.9 kowace kubik mita, zurfi mita 3 a kan doro. A faɗin 1.6, wajen tan 7 kan kowace mitar bututu. A 2.5, kusan tan 10. A nan ma ya tsaya ne don akwai iyaka: rami in ya wuce wani faɗi, tamkar babu rami.

Barci bai zo da wuri ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Takardar gwajin masana'anta: zoben ya fara tsagewa a tan 6 kan mita. Gwajin matsi ne tsakanin katako ɗaya a sama da biyu a ƙasa, babu tallafi ko kaɗan a gefe. A cikin ƙasa ƙarfinsa na ƙaruwa gwargwadon makwancin da aka yi masa.

A aje shi kan busasshiyar ƙasa a miƙe: sau 1.1. Duk nauyin a kan layi ɗaya siriri.
A fafe ƙasar daidai cikinsa: 1.5.
Shimfiɗar tsakuwa, a cusa ta har kwiɓi: 1.9.
Gadon kankare: wajen 2.8.

Zobe ɗaya ne, siminti ɗaya, rodi ɗaya. A nan ya ɗauki tan 6.6, a can kusan 17. Bambancin duka a hannun mai shebur.

Tsakuwa ta isa inda rami ke da 1.6. Inda ya buɗe, 11.4 a gaban 10, ratar ta yi kaɗan. Na kira oga bayan Masallaci. "Ranka ya daɗe, sai an zuba gadon kankare a mita shidan farko." Shiru. Sai ya ce siminti ba ya cikin lissafi, zai duba.

Asabar, 17 ga Mayu

Babu amsa. Tankar ruwa ma ba ta zo ba. Leburori a gindin ɗorawa tun hantsi. An janye tarin ƙasar da ke bakin rami zuwa baya, kada nauyinta ya karya gaɓa. Iyakar aikin yau ke nan.

Litinin, 19 ga Mayu

Ya amince. Alhamdu lillahi. Siminti gobe.

Ragowar rabin ramin an haƙa yadda ya kamata. Maganar direba akwai gaskiya a ciki: rami mai zurfin mita 4 da miƙaƙƙen bango kabari ne, ba zan tura ɗan kowa ciki ba. Amma faɗin da ke shiga lissafi shi ne na daidai doron bututu. Sai aka kwantar da gaɓa daga sama zuwa doro, daga nan zuwa ƙasa 1.6 cif, da katako an tokare. Ya tsaya ya duba, ya ce, "To, yanzu na gane. Sama a sake, ƙasa a tsuke."

Laraba, 21 ga Mayu

Jera zobe tun asuba, daga mafitar ruwa zuwa mashiga. Gangara 1 cikin 100. Sarƙa, igiya, ihu. Kowane baki a shige cikin ɗan'uwansa, a liƙe da siminti ciki da waje. Haɗin da ya buɗe shi ke tsotse ƙasar hanya.

Zobe biyu na mayar. Ɗaya rodi a waje, ɗaya jikinsa duk ramuka, tsakuwa na zubowa in an sosa da ƙusa. Mai kawowa ya yi fushi. Ya huce.

Da yamma na leƙa daga wannan baki, haske zagaye a wancan. Miƙe sambal. Daɗi har cikin rai.

Alhamis, 22 ga Mayu

Kilomita 5. Baƙar laka, ta dare da fari, tsagar na cin hannu har wuya. An kwashe santimita 60, an zuba marmara.

A nan abin juyewa yake. In aka aje bututu a fili aka tara ƙasa a kansa, babu bangon da zai taimaka. Cikon gefe ya fi na kan doro tsawo, don haka ya fi sauka. Yana sauka yana jan na tsakiya ƙasa. Cizon da ke rage nauyi a rami, a nan ƙara shi yake. Ƙasar da ke daidai kan bututun tan 8.4 ce, amma abin da zai ji ya haura 12.

Shawara: a tayar da tudu mita 2.5 tukuna, a daɓe shi da rola sosai, sannan a tsaga siririn rami a cikinsa a kwantar da zoben. Mu ƙera wa kanmu bangon da babu. Nauyi ya sauko zuwa ƙasa da tan 10.

Foman: "Yallaɓai, mu cika, mu daɓe, mu sake haƙewa? Aiki biyu fa." Na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallo. Bai ce ya yarda ba, amma ya kira tifa.

Abin tsoro: kafin bututu ya shiga, tudun madatsa ce. An bar gibi a gefen yamma saboda ruwa.

Asabar, 24 ga Mayu

Hadari ya haɗu da la'asar, baƙi ƙirin. Iska, ƙura, rumfar siminti ta tashi. Ko ɗigo. Ya wuce wajen Falgore.

Litinin, 26 ga Mayu

Kilomita 7, roba. Yaro ɗaya ya hau kai ya yi tsalle, ta ɗan lotsa ta dawo. Suka ce wannan ba za ta ɗauki tifa ba.

Za ta ɗauka, in an ba ta abin jingina. Kankare gardama yake da nauyi, ya riƙe ko ya tsage. Roba kaucewa take. Doro ya ɗan sauka, nauyi ya zame zuwa ƙasar gefe, kwiɓinta ya bulluƙo ya tura ƙasar, ƙasar ta turo. In gefen a daɓe yake, magana ta ƙare a nan. In sako-sako ne, ta yi ta bajewa har doro ya faɗa ciki.

Merlin Spangler, ɗalibin Marston, shi ya fitar da lissafin wannan lotsawa a 1941. A 1958 shi da Reynold Watkins suka gyara ɓangaren taurin ƙasa. Duk inda aka juya lissafin, ƙasar gefe ta fi jikin bututun yawan rabo. Iyaka kashi 5 cikin 100: milimita 45 a namu. Na sa kafinta ya yanko sanda mai tsawon 855. Ranar da ta ƙi tsayuwa a ciki, an tono.

Zubi santimita 15, dama da hagu tare, kada gefe ɗaya ya ture ta. Ƙarƙashin kwiɓi inji ba ya shiga, sai hannu, da guntun katako. Nan ne kowa ke son tsallakewa, don ba mai gani.

Baba birkila ya karɓe zancen daga bakina: "Ku yara, ba ku ga daɓen ɗaki ba? Uwayenku yayyafa ruwa suke, su buga, su ƙara, su buga. Wadda ta zuba gaba ɗaya, ɗakinta ba ya kai shekara." Bayan wannan ban ƙara ko kalma ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Rana na shanye ruwan ciko kafin a buga. A dunƙula a hannu: ya watse, ya bushe, ya manne a tafi, ya jiƙe da yawa, ya dunƙule ya rabu biyu tsaf, shi ne. Tanka sau ɗaya ta zo. An kai rabin kwiɓi aka tashi.

Walƙiya a kudu tun magariba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ruwa cikin dare, kamar da bakin ƙwarya.

Kilomita 7: ramin ya cika, robar ta taso. Tsakiyarta a sama, haɗi ɗaya ya zare, laka ta shige ƙarƙashi. Aikin kwana uku. An toshe bakunanta jiya don kada yashi ya shiga, sai ta zama cike da iska, babu ƙasa a kanta da za ta danne.

Kilomita 5: gibin ya yi aikinsa, amma ruwa ya ci gefen tudun wajen mita guda.

Kilomita 2: lafiya. Jan ruwa na fita ta cikin sabon zobe.

Ba wanda ya yi magana mai tsawo. An aro injin ban ruwa wurin masu lambu. Rabin leburori ba su zo ba, suna gona, shuka.

Asabar, 31 ga Mayu

Rediyo tun jiya: Mokwa, jihar Neja. Ambaliyar asubahin Alhamis, sama da mutum 150. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun yi musu addu'a a bakin rami kafin a fara.

An ciro robar, an kwashe laka, sabuwar shimfiɗar yashi mai tsakuwa. Doka daga yau: abin da aka kwantar da safe, a rufe shi har sama da doro kafin magariba. In ba za a iya rufewa ba, kada a kwantar.

Litinin, 2 ga Yuni

Kilomita 2. Ratsen da aka yi wa motoci ya yi taɓo, wata tifa cike da marmara ta karya shinge ta bi ta kan kwalbatin. Ciko santimita 40 kacal a kan doro.

A zurfin mita 3 nauyin taya bazuwa yake kafin ya iso, kaɗan ke kaiwa. A santimita 40 kusan kai tsaye. Bututun da aka yi wa lissafin ƙasa mita 3, ranar da ya fi shiga haɗari ita ce ranar da ƙasar kansa ba ta da yawa.

Na shiga da tocila. Zobe na bakwai: tsaga a doro ta ciki, siririya, tsawon kamu biyu. Daidai inda ake tsammani. Ma'aunin milimita 0.3 bai shiga ba. Na ja fenti a ƙarshenta biyu, na rubuta kwanan wata. In ta wuce fentin, ko ta buɗe, a fasa a canza.

Raina ya ɓaci ƙwarai. An jibge duwatsu a bakin hanya. Babu babbar mota, babu girgizar rola, sai ciko ya kai mita 1.

Laraba, 4 ga Yuni

Gwajin daɓe: a haƙa ɗan rami, a auna ƙasar da ta fito, a cika shi da yashin da aka san nauyinsa. Ana neman kashi 95 na ma'aunin Proctor. Kilomita 5, zubin jiya: 92.

Foman ya ce uku ne fa kacal, ga Sallah jibi, yara na son tafiya. Wannan zubin shi ne zai zama bangon ramin. In ya sauka daga baya, dabarar duka ta tashi a banza. An karce, an yayyafa, rola ta sake bi. 96.

An biya kowa da la'asar. Kilomita 7 a rufe, santimita 90 a kai. Kilomita 5 har yanzu madatsa da gibi.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Sallah, Kano. Idi, layya, 'yan'uwa. Ina fiɗa ina duban kudu. Na kira mai gadi da daddare: "Baba, yaya sama?" Ya ce taurari ne, in kwanta.

Talata, 10 ga Yuni

Koma. Mutum tara cikin ashirin da biyu. Masara ta tsiro layi-layi har bakin fegi. Tsagar zobe na bakwai tana nan inda fenti ya tsaya.

Alhamis, 12 ga Yuni

An tsaga ramin cikin tudun kilomita 5. Bango tsaye kyam, jan marmara, sawun haƙoran katafila a jiki bai ko zube ba. Foman ya buga da diga, ta yi ƙara. Ya dube ni ya gyaɗa kai.

Zoben nan masu rodi ninki biyu ne. An ɗaga tsakiyar layin santimita 5 sama da miƙaƙƙiyar gangara, don tsakiyar tudu ta fi nauyi, lakar ƙasa a nan za ta fi sauka. In ta sauka, layin ya miƙe maimakon ya yi kwari ya tara yashi.

Akwai wata dabarar da ta daɗe tana min yawo a kai, ita ma daga Marston: a sa abu mai laushi a kan doro da gangan, don ƙasar tsakiya ta fi ta gefe sauka, nauyi ya koma gefe. Da can ciyawa da garin katako ake sawa. A Norway farin soson da ake kare kayan lantarki da shi suke binnewa a ƙarƙashin manyan tuddai. Ga buntun shinkafa tsibi-tsibi a Tudun Wada, kyauta. Amma ga gara, ga ruɓewa, ga ruwa mai neman hanya. Ba a wannan aikin ba. Na dai rubuta, ko wata rana a gwada a inda za a iya aunawa.

Asabar, 14 ga Yuni

Cikin robar, rarrafe. Sandar 855 ta tsaya ko'ina da sarari. Tef: 884, 881, 886, sai 872 a wajen haɗin da ya taɓa zarewa. Milimita 28, kashi 3 da ɗan ɗori. Cikin iyaka, amma wannan wurin ya fi sauran. Ko kwiɓin nan bai sha bugu ba, ko laka ta saura a ƙasa.

Roba ba ta gama lotsawa rana ɗaya. Ƙasa na zama, tana bi. Awo na gaskiya sai bayan kwana 30 da rufewa.

An toshe gibin yamma. Ruwan fadama yanzu ba shi da hanya sai ta bututunmu.

Talata, 17 ga Yuni

Ruwa daga azahar har bayan la'asar. Na tsaya a kilomita 5 cikin leda. Fadama ta taru, ta hau, ta rufe kashi uku cikin huɗu na bakin, ta tsaya a nan. Mafita na feshi da ƙarfi. Yara a kan tudu suna ihu.

Ba ɗigo ta gefen bututu, ba ɓuɓɓuga a gindin tudu. Wannan na fi tsoro: ruwa ya bi bayan zobe ya riƙa jan ƙasa. Bangon baki da fukafukansa sun riƙe.

Ƙasan mafita kuwa ya zaizaye, rami har gwiwa. In aka bar shi zai ci baya ya shiga ƙarƙashin bangon. Dutse da siminti, da ɗan bango a nutse a ƙarshen daɓen.

Mai unguwa ya aiko da dafaffen ƙwai da gaisuwa. Ya ce bara war haka an daina kai mara lafiya ta nan.

Alhamis, 19 ga Yuni

Oga na son a janye rola zuwa wani aiki ranar Litinin. Saura mita 1.5 a tudun kilomita 5, zubi goma. Ya ce a zuba biyu-biyu a gama. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka binne ba a dawowa a gyara shi sai an fasa hanya. A bar min ita zuwa Alhamis." Ya ce zai kira.

Nauyin da aka yi wa lissafi bai hau ba tukuna. Kilomita 2 jiya ya cika mita 3, yanzu ne tsagar za ta faɗi gaskiyarta. Kilomita 5 da saura. Ƙasa kuma ba ta sha ruwan marka ba. Ta Agusta ta fi ta yau nauyi, cizonta da bango ya fi rauni.

Gobe: zobe na bakwai da tocila, kafin rana ta ɗaga. Dutse tifa biyu zuwa mafita. Gwajin daɓe a zubin yau. A share ciyawar da ta maƙale a bakin kilomita 7.

4 ga Yuli: sandar 855, musamman wajen haɗin nan.

Har ƙarfe tara bai kira ba. Na gaya wa direban rola ya zo da asuba, mu ci abin da za mu iya kafin Litinin.